Yadda Ake Kafa Kulob ɗin Kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya a Makaranta

A makarantun da ke bin manhajar ƙasashen waje, ta Cambridge ce ko ta IB ko ta Amurka, idan aka kaɗa ƙararrawar tashi ba kowa ke nufar gida ba. Wasu su yi filin ƙwallo, wasu wurin ninƙaya, wasu ɗakin kiɗa. Wasu kuma su koma aji su jera tebura, kowa da kwali a gabansa ɗauke da sunan wata ƙasa. Waɗannan su ne 'yan MUN, masu kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗalibi yakan zama wakilin wata ƙasa, ya binciko matsayarta a kan wata matsala, ya kare ta a bainar jama'a, ya nemi abokan tafiya su rubuta ƙuduri, a kaɗa masa ƙuri'a.

Na daɗe ina jagorantar irin wannan kulob, kuma na rubuta bayanin nan ne domin malamin da shugaban makaranta ya kira ofis ya ce masa, "Malam, bana kai za ka riƙe mana MUN," alhali bai taɓa halartar zama ko ɗaya ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, aikin a cikin aji yake. Tafiya ƙasar waje da karɓo lambar yabo ƙari ne. Kulob ɗin da aka gina a kan tikitin jirgi yakan mutu a shekarar da kuɗin jirgin ya gagari iyaye. Wanda aka gina a kan bincike da koyon magana kuwa yakan rayu ko da bai taɓa fita ƙofar makaranta ba.

Kayan aiki

- Aji guda wanda za a iya motsa teburansa a jera su kamar kofaton doki, da tebur ɗaya a gaba na shugaban zama.
- Kwalin sunan ƙasa ga kowane ɗalibi. Farin kwali a ninke shi biyu, a rubuta sunan da babban alƙalamin maka yadda na can baya zai iya karantawa. Idan akwai hali a lulluɓe su da leda domin su yi shekaru.
- Agogon ƙidayar lokaci. Na waya ya wadatar.
- Guduma ta katako ta shugaban zama. Kowane kafinta zai sassaƙa maka. In babu, ƙaramar ƙararrawa ko abin goge allo ya isa.
- Taswirar duniya ta bango, sabuwa. Ka duba ko akwai Sudan ta Kudu a jikinta. In babu, ta riga 2011, a canza ta.
- Ƙananan takardu na aika saƙo tsakanin wakilai.
- Kwafin dokokin zama a buge, shafi biyu kacal ga kowane ɗalibi.
- Fayil ɗaya ga kowa, inda zai tara bincikensa.
- Kwamfuta da majigi, domin haska daftarin ƙuduri. Idan wuta ba ta da tabbas, ka buga daftarin a takarda, gyare-gyare kuma a rubuta su a allo.

1. Nemi izini, ka zaɓi lokaci

Ka rubuta wa hukumar makaranta shafi ɗaya: ranar zama, ajin da za a yi amfani da shi, adadin ɗalibai, da ɗan kuɗin kwali da buga takardu. Kada ka ambaci tafiya waje a wannan takarda. Da zarar ka ambata, hankalin kowa zai koma kan kuɗi da biza.

Lokaci shi ne abin da ya fi kashe kulob a wajenmu. Zama ɗaya a mako, na awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, ya isa. Amma ka tambayi ɗaliban kafin ka tsayar da rana. Yaro yana iya tashi daga makarantar boko ƙarfe uku, Islamiyya na jiransa ƙarfe huɗu, direba yana bakin get da ƙannensa a mota sun gaji. Wannan yaron zai zo sau biyu ya daina, ba don ba ya so ba. Idan makaranta tana da sa'ar kulob a cikin jadawalinta, ka yi ƙoƙari ka samu gurbi a ciki. In babu, ka tura wa iyaye takarda su sa hannu cewa sun amince a ɗauki yaro a makare ranar kaza, ka kuma ware minti goma na sallar La'asar. Ranar Juma'a a bar ta. Da azumi a rage tsawon zama, ko a mayar da shi lokacin hutun cin abincin rana, tunda masu azumi ba su da abin yi a lokacin.

Ka buɗe kulob a makonnin farko na zangon karatu na ɗaya. Daga Afrilu ɗaliban manyan azuzuwa sun tafi shirin jarrabawar Mayu da Yuni, ba za ka ƙara ganinsu ba.

2. Tara ɗalibai

Mutum goma sha biyar zuwa ashirin da biyar shi ne daidai. Ƙasa da goma muhawara ba ta armashi. Sama da talatin kuma masu kunya za su ɓace a bayan masu baki.

Kuskuren da sababbin malamai suka fi yi shi ne zaɓo zakarun muhawara kaɗai. Ka je wurin malaman tarihi da na labarin ƙasa ka tambaye su wane ɗalibi ne yake rubutu mai kyau amma ba ya ɗaga hannu a aji. Ka same shi da kanka ka gayyace shi. Irin waɗannan ne suke riƙe kulob bayan shekara biyu. Ka kuma lura da yawan 'yan mata, domin idan zaman farko ya cika da samari masu ɗaga murya, da wuya su dawo.

Manyan ɗalibai za su tambaye ka amfanin abin. Ka gaya musu gaskiya. Masu karatun difloma ta IB dole ne su cika sashen CAS, na ƙirƙira da motsa jiki da hidimar al'umma, kuma aikin kulob yana iya shiga ciki idan mai kula da sashen ya amince. Masu neman jami'o'in Amurka ta Common App, wato fom ɗin neman gurbi na intanet, suna da gurbin rubuta ayyuka har goma da suka yi a wajen aji. Amma wanda ya zo don a rubuta sunansa kawai, ka faɗa masa cewa ana ɗaukar rajista kowane mako.

3. Zaɓi tsarin zama guda ɗaya

Manyan tsare-tsare biyu ne. Akwai na THIMUN, taron da ake yi a birnin Heg na ƙasar Holan tun 1968. A wannan tsari wakilai sukan zo da daftarin ƙudurinsu daga gida, su fara da zagayawa suna neman goyon baya suna haɗe daftarorinsu, sannan a zauna a yi muhawara a kan ƙuduri ɗaya bayan ɗaya. Ba a ba da kyautar gwarzon wakili a taron Heg. Akwai kuma tsarin Amurka, irin wanda ake bi a taron jami'ar Harvard, inda ake farawa da jerin masu jawabi, a riƙa dakatawa ana tattaunawa ƙarƙashin shugaba ko a sake, ƙuduri kuma a cikin zaman ake rubuta shi, a ƙarshe a ba gwarzo guduma.

Ga masu farawa na fi son na THIMUN. Yaron da ya zo da rubutunsa a hannu yana da abin dogaro idan gabansa ya faɗi, kuma rashin kyauta yana rage son kai. Amma idan makarantun da ke kusa da kai na Amurka suke bi, ka bi su, domin da su za ku yi zama. Kada dai ka gauraya biyun a zango ɗaya.

4. Abin da ɗalibi ke buƙatar sani game da Majalisar

Zama ɗaya ya ishi wannan. An kafa Majalisar a 1945, kuma a yau tana da ƙasashe 193. Nijar ta shiga ranar 20 ga Satumba 1960, Najeriya kuma ranar 7 ga Oktoba na shekarar. A Babban Zaure kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, Indiya da Gambiya duk ɗaya, kuma ƙudurorinsa shawarwari ne, ba sa tilasta wa kowa. Kwamitin Sulhu yana da mambobi 15. Biyar na dindindin ne, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, kowacce tana iya hawa kujerar naƙi. Goma kuma ana zaɓensu na shekara biyu. Ƙuduri a can yana buƙatar ƙuri'u tara, ba tare da ɗaya daga cikin biyar ɗin ta ƙi ba. Kwamitin Sulhu kaɗai ke iya ƙaƙaba takunkumi ko ba da izinin amfani da ƙarfi. Fadar Vatikan da Falasɗinu 'yan kallo ne, suna magana amma ba sa kaɗa ƙuri'a a kan ƙuduri.

Ka gaya musu kuma cewa wurin ba na baƙi ba ne, 'yan Najeriya ma sun riƙe manyan muƙamai a can. Joseph Garba ya shugabanci Babban Zaure a 1989, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ya shugabance shi daga 2019 zuwa 2020, Amina Mohammed kuma ta zama mataimakiyar Babban Sakatare a 2017. Daga nan ka kunna musu minti goma na zaman gaske daga UN Web TV, tashar bidiyo ta Majalisar a intanet, tunda gani ya kori ji. Su lura da yadda ake neman izinin magana da yadda wakili ke gode wa shugaba kafin ya fara.

5. Zaɓen batu da rabon ƙasashe

A nan hikimar malami take. Batun farko ya zama wanda ɗalibai za su iya gani da idonsu, wanda kuma ƙasashe suka saɓa a kansa da gaske. Sharar leda, yaran da ba sa zuwa makaranta, zazzaɓin cizon sauro, ko halin da Tafkin Chadi yake ciki. Batu irin "wanzar da zaman lafiya a duniya" ba ya haifar da muhawara, kowa zai tashi ya ce yana goyon baya a watse.

Kada ka fara da Kwamitin Sulhu. Yara suna son sa saboda kujerar naƙi, amma mutum biyar ne za su ji daɗin zaman, sauran su zama 'yan rakiya. Ka fara da ɗaya daga cikin kwamitoci shida na Babban Zaure: na biyu, mai kula da tattalin arziki, ko na uku, mai kula da zamantakewa da jin ƙai.

Wajen rabon ƙasashe, doka ta farko ita ce ba a ba yaro ƙasarsa. Amfanin abin gaba ɗaya shi ne ya tsaya ya kare ra'ayin da ba nasa ba, ya gane dalilan masu shi. Ɗan Najeriya ya wakilci Brazil, ɗan Lebanon ya ɗauki Kenya. Doka ta biyu ta fi muhimmanci a makaranta irin wannan, inda aji ɗaya zai iya haɗa 'ya'yan 'yan kasuwar Indiya da na Lebanon da na Sin, da 'ya'yan ma'aikatan jakadanci, da yaran da iyayensu suka baro Sudan saboda yaƙi. Ka san ɗalibanka kafin ka kawo rikicin da ya taɓa gidan wani. Batun Falasɗinu da Isra'ila, ko Kashmir, ko Rasha da Yukren, ba na zangon farko ba ne. Idan lokacinsa ya yi, ka yi magana da yaron da abin ya shafa shi kaɗai tukuna, ka kuma ba shi damar ya ce a'a. Ka maimaita wa kowa cewa abin da wakili ya faɗa a zama matsayar gwamnati ce, ba a bin sa da ita zuwa ɗakin cin abinci.

Ka tabbatar kowane ɓangare na gardamar yana da wakilai. Misali mai kyau ga manyan ɗalibai shi ne yi wa Kwamitin Sulhu garambawul. Afirka, mai ƙasashe 54 a Majalisar, ta tsaya tun 2005 a kan matsayar Ezulwini: kujeru biyu na dindindin masu ikon naƙi, da biyar na wucin gadi. Brazil da Jamus da Indiya da Japan kowacce tana neman kujerar dindindin. Italiya da Pakistan da Ajantina da Koriya ta Kudu kuma ba sa son a ƙara kujerun dindindin ko kaɗan, kuma yaro mai wayo zai duba taswira ya gane dalili, domin kowaccensu tana yanki ɗaya da wata daga cikin huɗun can. Idan ka raba waɗannan ƙasashe ka ƙara da biyar masu naƙi, muhawara za ta tashi da kanta.

Manyan ƙasashe kada su tafi ga masu baki kullum. Yarinya mai kunya idan aka ba ta Sin, dole kowa ya zo wurinta neman goyon baya, dole ta amsa.

6. Bincike da takardar matsaya

Ka ba su mako biyu. Kowane ɗalibi ya fara da sanin ƙasarsa: maƙwabtanta, abin da take sayarwa, wa take bi bashi, wa ke bin ta, waɗanne ƙungiyoyi take ciki. Sannan ya nemi abin da ta faɗa da bakinta a kan batun. Wurare uku ne suka fi amfani. Jawabin da shugabanta ya yi a babbar muhawarar watan Satumba a New York, shafin ofishin jakadancinta a Majalisar, da kuma UN Digital Library, laburaren Majalisar na intanet, inda ake ganin yadda ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurorin baya. Ƙuri'a ta fi jawabi faɗin gaskiya, ka koya musu wannan da wuri.

Takardar matsaya shafi ɗaya ce, sakin layi uku. Na farko, yadda matsalar ta shafi ƙasar. Na biyu, abin da ƙasar da Majalisar suka riga suka yi. Na uku, abin da ƙasar take so a yi yanzu, da abin da ba za ta taɓa yarda da shi ba. Wannan na ƙarshen yara sun fi mantawa da shi, kuma shi ne zai yi musu jagora lokacin da aka kawo musu daftari a ce su sa hannu.

Ɗauki Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙafar da mafi yawansa. Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya sun kafa hukumar kula da tafkin a 1964, hedikwatarta tana Njamena. An daɗe ana maganar jawo ruwa daga kogin Ubangi, wanda ke bi ta iyakar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, a zuba masa. Wakilin Chadi zai so wannan. Wakilin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo dole ya tambayi kansa me ƙasarsa za ta rasa idan aka karkatar da ruwan. Wakilin Jamus kuma ya san shi za a miƙa wa ƙoƙon bara, don haka zai nemi sanin wa zai sa ido a kan kuɗin. Idan takardun mutum ukun nan suka fito iri ɗaya, ba a yi bincike ba.

Yanzu ɗalibai da yawa suna sa ChatGPT ya rubuta musu. Rubutun zai zo sumul, wani lokaci da lambar ƙuduri ko maganar minista da babu su a duniya. Ba na jayayya da yaro a kan wa ya rubuta. Nakan kifa takardar a tebur in yi masa tambaya uku da baki: wa ke tare da ƙasarka a wannan batu, wa ke gāba da ita, a ina ka samo wannan adadi? Wanda ya kasa amsawa ya koma ya dawo da asalin shafin a buge.

Idan intanet ɗin makaranta ba ta da ƙarfi, ka sauke jawabai da ƙudurorin da kanka ka buga, ka ajiye su a laburare cikin fayil guda.

7. Horon magana

Jawabin buɗewa minti ɗaya ne, kalmomi kamar 130. A fara da gaisar da shugaban zama, a kawo hujja ɗaya mai ƙarfi, a rufe da abin da ƙasar ke nema. Wakili ba ya cewa "ni"; cewa yake "wakilin Brazil yana ganin". Ba ya kuma yi wa wani wakili magana kai tsaye, sai ta hannun shugaba. Wannan doka ce ke hana zama komawa cacar baki.

Kowane mako ka ware minti goma sha biyar na farko kowa ya miƙe ya yi magana ta daƙiƙa talatin a kan abin da ka jefa masa nan take. Kada ka gyara wa yaro Turanci yana tsakiyar magana. Wanda ya shigo daga makarantar Faransanci ko ta Larabci, ko wanda ya fi sakewa da Hausa, idan ka katse shi sau ɗaya a gaban abokansa ka rufe bakinsa na wata guda. Ka rubuta gyaran ka ba shi bayan an tashi. Ga mai tsananin tsoro, ka fara da ba shi aikin yin tambaya ɗaya rubutacciya. Za ka ga takardar tana rawa a hannunsa, muryarsa ba ta wuce tebur na biyu. Ka sa shugaban zama ya gode masa da sunan ƙasarsa kamar yadda ya gode wa kowa, a ci gaba ba tare da tafi ko wani sha'ani ba. Mako mai zuwa tambaya biyu zai yi.

8. Rubuta ƙuduri

Ƙuduri jimla ɗaya ce doguwa mai kashi biyu. Kashin farko shimfiɗa ce, tana kawo dalilai da abin da aka yi a baya, kowane layi yana ƙarewa da waƙafi. Kashi na biyu matakai ne masu lamba, kowanne yana farawa da aikatau, aya kuma sai a ƙarshen na ƙarshe. A zama da Turanci za a rubuta, amma ga siffarsa:

Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya,

Bisa tunawa da ƙuduri mai lamba 2349 da Kwamitin Sulhu ya zartar a 2017 kan yankin Tafkin Chadi,

Bisa damuwa da halin da masunta da manoma da makiyayan yankin suke ciki,

1. Yana kira ga ƙasashen hukumar kula da tafkin su riƙa musayar bayanan ma'aunin ruwa duk wata shida;

2. Yana roƙon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta taimaka da horar da manoman rani kan ban ruwa mai tattali, ta kawo rahoto cikin shekara biyu.

Kowane mataki a auna shi da tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, da kuɗin wa? Layi irin "yana kira ga duniya ta kawo ƙarshen talauci" ba ya amsa ko ɗaya, a goge shi. Kuskure na biyu shi ne ba Babban Zaure ikon da ba shi da shi, kamar ya tura sojoji ko ya sa takunkumi. Na uku, yara suna son ƙirƙiro sabuwar hukuma ga kowace matsala. Ka sa su fara dubawa ko akwai wadda take wannan aikin.

9. Zaman gwaji na farko

Wajen mako na shida zuwa na takwas sun isa yin cikakken zama. Ka nemi safiyar Asabar, awa uku. Kai za ka shugabanci wannan na farkon. Ga yadda yake tafiya a tsarin THIMUN: kiran sunayen ƙasashe, jawaban buɗewa, minti arba'in na zagayawa da haɗe daftarori, sannan a zauna. Mai gabatar da ƙuduri ya karanta matakansa ya kare su, ya amsa tambayoyi. A ba masu goyon baya da masu adawa lokaci daidai. Mai son gyara ya rubuto a takarda, a tattauna, a kaɗa wa gyaran ƙuri'a shi kaɗai. A ƙarshe a rufe ƙofa, a daina aika saƙo, a ɗaga kwalaye: masu goyon baya, masu adawa, masu ƙauracewa. Rinjaye mai sauƙi ya wadatar.

Ka sa ido sosai a minti arba'in ɗin nan na zagayawa. A nan ne mutum ɗaya yakan ƙwace kwamfuta ya rubuta komai, sauran su tsaya a kansa suna kallo. Ka kafa sharaɗi cewa ba za a karɓi daftari ba sai kowane mai sa hannu ya nuna layin da ya kawo. Ka riƙe takardar sunaye kana yin alama ga duk wanda ya yi magana, domin ka san wa za ka kira idan hannaye suka tashi. A sa tufafin zama na mutunci: kwat, ko kaftani da hula, ko abaya, duk sun yi. Idan ƙuduri ya faɗi kada ka ceto shi, a Majalisar ma suna faɗuwa.

Bayan an tashi ka zauna da su minti ashirin, kowa ya ajiye kwalinsa ya faɗi da bakinsa inda ra'ayinsa ya saɓa da na ƙasar da ya wakilta.

10. Miƙa ragama ga ɗalibai

Daga zango na biyu ka sauka daga kujerar shugaba. A zaɓi babban sakatare da mataimaki da shugabannin zama biyu ko uku daga cikin waɗanda ba sa fashi. Su za su riƙa zaɓen batu da rubuta bayanin share fage, kai kana dubawa. Ƙananan ɗalibai da ba su kai shiga ba su zama masu kai saƙo tsakanin tebura. A haka suke haddace dokokin zama ba tare da an koya musu ba.

Idan sun ƙware, ku shirya taron yini ɗaya ku gayyaci makarantu uku ko huɗu. Ranar 24 ga Oktoba, ranar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta dace da wannan a shekara ta biyu. Ina roƙonka ka sa makarantar gwamnati aƙalla ɗaya a cikin waɗanda za ka gayyata, kyauta, ka kuma tura manyan ɗalibanka su horar da su makonni kafin ranar. Yaranmu da yawa suna iya bayanin matsalar ilimi a duniya da Turanci mai kyau, amma ba su taɓa zama tebur ɗaya da ɗan makarantar da ke bayan katangarsu ba. Na ga yadda muhawara kan yaran da ba sa zuwa makaranta take canzawa idan a cikin ɗakin akwai wanda ƙaninsa yana cikinsu.

11. Tafiya taron waje

Sai a shekara ta biyu, kuma a fara da taron cikin ƙasa. Idan za a ƙetare, taron Heg a watan Janairu ake yin sa, akwai kuma ɗan'uwansa a Doha ta ƙasar Katar. Rajista takan rufe watanni kafin taro, don haka a fara shiri tun zangon da ya gabata. Holan tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ana kuma iya neman bizarsa tun wata shida kafin tafiya. Kada a jira Disamba. Ka duba fasfo ɗin kowane yaro da idonka, ka karɓi takardar amincewar iyaye da bayanin lafiyarsa da magungunan da yake sha. Idan akwai 'yan mata a tawaga, dole a tafi da malama. Ka binciki abincin halal da wurin salla tun kafin ku tashi, ka kuma gaya wa iyaye su sayi rigar sanyi ta gaske, domin sanyin Holan a Janairu ba irin na hunturunmu ba ne.

Kuɗi shi ne wurin da zalunci ke shigowa. Idan masu hali kaɗai ke tafiya, sauran za su gane cewa ƙoƙarinsu ba shi da amfani. Ka zaɓi tawaga bisa rajistar halarta da ingancin takardar matsaya, ka rubuta ma'aunin ka liƙa tun farkon shekara, sannan ka nemi makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin gurbi ɗaya ko biyu. Idan tafiyar ta gagara baki ɗaya, akwai tarukan da ake yi ta intanet, ko ku haɗa zama ta Zoom da wata makaranta a Accra ko Nairobi.

Waɗanda suka dawo su jagoranci zama biyu na gaba, su koya wa sauran abin da suka gani, kuma su miƙa fayilolinsu ga laburaren kulob. Kafin ƙarshen Maris a zaɓi shugabannin baɗi daga ajin da ba ya rubuta jarrabawar fita, su yi zango na uku suna aiki tare da masu barin gado, a kuma damƙa musu kwalaye da guduma da rajista kafin a tafi dogon hutu.